Rogon Daji a Ramin Inabi

Ni na kashe inabin Auta, ni kuma na dasa ciyawar daji a raminsa, na bar uwar Auta tana ba ta ruwa har shekara uku.

Ni magini ne. Aji uku na yi a makaranta na gudu, tun daga nan hannuna yake cikin siminti. In na ce bango ya miƙe to ya miƙe, ba na son a sake tambayata. Matata ɗinki take yi, kowa Tela yake ce mata, har ni. 'Ya'yanmu huɗu duk sun kama gabansu, Auta ce ta ƙarshen fita. Aikin jinya ta karanta, aka ɗauke ta aiki a wata ƙasa mai nisa, wadda sai ka hau jirgi biyu kafin ka isa.

Tsakar gidanmu ba ta da girma. Abu biyu ne a ciki da za a nuna wa baƙo. Na farko bishiyar lemon tsami, wadda Inna, mahaifiyar Tela, ta kawo a gwangwani shekarar da muka tare, ta dasa da hannunta. Inna ta rasu tuntuni, amma har yau Tela ba ta cewa lemonmu, sai dai lemon Inna. Na biyu dakalin da na gina a gindin bango, taku uku daga bishiyar. Ranar da na shafe shi Auta tana shekara uku. Na juya in wanke cokalin gini, ta zo ta taka ɗanyen simintin da ƙafar dama. Ni da ba na barin ko sawun kaza a aikina, na ɗaga cokali zan shafe, sai na fasa. Na ce wa Tela ya riga ya fara kamawa, in na taɓa zai ɓaci. Ƙarya nake yi, ɗanye ne shar. Sawun ya zauna a kusurwar dakalin, yatsu biyar da dunduniya, daidai inda nake zama in sha shayi da safe.

Ana saura kwana biyu Auta ta tafi, ta shigo da dashen inabi a baƙar leda. Ta haƙa rami tsakanin dakali da lemo, ta dasa, ta karkaɗe hannu.

"Umma, ki kula min da shi. Ranar da ya yi 'ya'ya ki gaya min, in nemi hutu in zo in sha."

Ta juyo gare ni. "Baba, kai kuma don Allah kar ka taɓa shi. Hannunka bulo ya sani."

Na ce, "Wa ya damu da ganyenki."

Bayan wata biyu babbar 'yarmu ta haihu, Tela ta tafi wajenta na sati uku. Tun daga ɗaki har bakin ƙofa magana ɗaya take maimaitawa, ruwan inabi safe da yamma. A lokacin ina gyaran bangon banɗaki. Kullum in na tashi aiki sai na wanke shebur da cokali da kwanon kwaɓi. Sai na ga ai wauta ce in zubar da wannan ruwa a lambatu sannan in sake ɗebo wani. Na koma wanke kayan a gindin inabin, ga wanki ga ban ruwa, aiki ɗaya. A wajena ruwa ruwa ne.

Kwana goma ganyen ya ƙone. Ƙasar gindin ta yi fari ta daskare, in ka ƙwanƙwasa har ƙara take yi. Na kankare jikin karan da farce, ko alamar ɗanye babu.

A satin muna aza harsashin wani gida a bakin gari, inda ake sassabe. Ina cin abincin rana sai na hango wani yaɗo a jikin ƙaya, ganyensa faffaɗa mai kusurwoyi, ga 'yan zare-zaren nan da yake kama abu da su. Na ce wallahi ga inabi a banza. Na sa diga na tono ƙarami guda, ya fito da wata saiwa mai kauri kamar ɗan rogo. Na gan ta, ban yi tunanin komai ba, don ban taɓa ganin ƙasan inabi ba. Na kwashe ƙasar da ta mutu, na zuba sabuwa, na dasa.

Tela ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi wajen.

"Baban Auta! Me ka ba shi haka? Dubi yadda ya yi fes."

Na ce, "Ruwa."

Shekarar farko ya haye rumfar rodi da na yi masa, ya rufe ta. Tela ta riƙa ɗaukar hotonsa tana tura wa Auta. Duk ƙarshen mako in Auta ta bugo, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce ya inabina. Bokiti biyu Tela take kai masa kullum, ga gwiwarta ta hagu da ke damunta. In na ce ta kawo in ɗauka sai ta ce a'a, ita aka bar wa amana. A shekara ta biyu ya gama da rumfa ya miƙa hannu ya kama lemon Inna.

A ƙarshen wannan shekarar aka kira ni in gina wa wani tsoho mai sayar da dashe kwatamin ruwa a lambunsa. Tsoho ne mai baki, yana ɗingishi, in yana magana da kai hannunsa yana cikin leda yana cusa ƙasa. A bayan rumfarsa na ga wani yaɗo mai busasshen jiki kamar tsohuwar igiya, ɓawonsa yana sulluɓewa.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

"Inabi."

"Ba haka inabi yake ba. Ina da shi a gida."

Ya ɗago ya dube ni. "To, Magini. Shekara arba'in ina sayar da shi ban sani ba. Gobe ka kawo min naka in ga yadda yake."

Washegari na yanko reshe na ɓoye a jakar kayan aiki. Ya karɓa, ya juya ganyen ya shafa bayansa, ya matsa karan har ruwa ya fito. Sai ya fara dariya, har ya zauna a kan bulona da bai bushe ba.

"Wa ya sayar maka da wannan?"

"A daji na tono."

"Da saiwa kamar rogo?"

Na gyaɗa kai.

"Rogon daji ke nan. Ganyen ne kawai ya yi kama. Taɓa bayansa ka ji, gashi-gashi ne. Karan inabi itace yake zama, wannan kuwa dubi, ruwa ne cike, farce ma yana shiga. In ya yi 'ya'ya ƙanana ne, rabinsu ƙwallo, ka sha su yi maka ƙaiƙayi a maƙogwaro. A daji ba ya damun kowa, rani yana zuwa sai ya bushe ya koma ƙasa ya jira damina. Ruwa nawa kuke ba shi?"

"Bokiti biyu."

"A sati?"

"Kullum."

Ya riƙe baki. "Kai, Magini. Ka ɗauko ɓarawo ka ba shi ɗaki da katifa. Akwai bishiya kusa?"

Na ce akwai lemo.

Nan dariyar ta tsaya. Ya ce zai rufe lemon ta sama ya hana shi rana, ya shanye ruwansa ta ƙasa, in an yi sake damina biyu ba za ta yi ba sai dai a yi itacen girki da shi. Ya lissafa min yadda ake yi. A yanke kowane kara sau biyu, a idon sawu da kuma daidai kafaɗa, a cire na tsakiya. Abin da ke saman bishiya a bar shi ya bushe a can, kar a ja. In yana da 'ya'ya a cire su tun ba su nuna ba, don tsuntsu zai kai wa maƙwabta. Abin da aka yanke kar a yar a ƙasa mai laima, a shanya a kan kwanon rufi ya bushe a ƙone. Sannan a bi saiwar a tono ta ɗungurungum.

"Kar ka sassara ta a cikin ƙasa. Duk guntun da ka bari zai tashi ya gaishe ka."

Na ji duka. Amma duk abin da ya faɗa sai Tela ta gani, in ta gani kuma sai na faɗi abin da na yi. Na ce zan yi dabarata.

Ranar da ta tafi kasuwa sayen zare na kama yaɗon da ke kan lemo na ja da ƙarfi. Ya taho, amma tare da babban reshen lemon, wanda ya fi kowane 'ya'ya. Da ta dawo na ce iska ce. Ta dubi sama, ko ganye ba ya motsi, ta tsince lemon da suka zube a zaninta. Wani karon ta tafi gaisuwar rasuwa, na ɗauki diga na sassare ƙasa ta ɓangaren lemon, na ce in na datse saiwar da ke zuwa wajensa shi ke nan. Na mayar da ƙasa na daddanne. Ruwan farko yana sauka, tsiro goma sha ɗaya suka fito a wajen. Na ƙirga.

Tela ta yi guɗa. "Baban Auta, fito ka gani! Inabin Auta ya haihu!"

Ta kakkafa musu sanduna don kar in taka.

Haka na cinye shekara guda. Dakalina ya tsage ta gefe, na cike da siminti, ya sake tsagewa, na sake cikewa, na ce ƙasa ce take zama. Lemon Inna kuwa sai ka ɗaga yaɗo kafin ka ga ganyensa, wanda ka gani ma ya yi rawaya. Bishiyar da a da muke cika kwando muna raba wa layi, a shekarar ko na shayina ba ta ba ni ba.

Sai abin ya yi 'ya'ya, gungu-gungu, ƙanana kamar ƙwayar wake. Da 'yan farko suka yi duhu Tela ta wanke hannu ta tsinki ɗaya ta sa a baki. Ina kallonta daga dakali. Ta tauna, ta haɗiye, ta yi gyaran murya sau uku, ta je randa ta sha ruwa. Da yamma Auta ta bugo.

"Sun nuna, 'yar nan. Eh. Da zaƙi mana. Zaƙi sosai."

Washegari da safe ban ji ƙarar keken ɗinki ba. Na leƙa ɗakin ɗinki, tana zaune, ƙafarta a kan feda, rigar wata a ƙarƙashin allura, ba ta taka ba.

Ta ce, "Ni ce ban iya ba. Yarinya ta bar min abu ɗaya tak. Na mutane manya-manya masu zaƙi, nawa kamar magani. Ina jin ruwan ne bai ishe shi ba. Daga yau uku zan riƙa kai masa."

Ta juya ta dubi tsakar gida.

"Ga lemon Inna yana mutuwa ina kallo. Na san inabin ne ya danne shi, ba makauniya ba ce ni. To ya zan yi? In sare na 'yata don na uwata? Kullum in na fito sai in rasa wanda zan kalla."

Ta tashi ta ɗauki bokiti. Na ga yadda ta dafa bango kafin gwiwar ta miƙe.

Na ce, "Tela, ajiye bokitin nan. Ba inabi ba ne."

Na faɗa mata duka a tsaye, ruwan siminti, bakin gari, tsohon mai dashe, reshen da na ce iska ce, 'ya'ya goma sha ɗaya da ta kafa wa sanduna. Ban yi wa kaina ado ba, ban iya ba ma.

Ta ajiye bokitin a ƙasa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara guda."

"Shekara guda kana zaune a dakalin nan kana shan shayi, ina wucewa ta gabanka da bokiti."

"Eh."

Ta ɗaga bokitin, na ɗauka a kaina za ta juye, kuma da ta yi ba zan kauce ba. Sai ta wuce ta zuba a gindin lemon Inna, ta shiga ɗaki ta ja labule.

Kwana biyu ba ta yi min magana ba. Abinci yana zuwa, a rufe, a ajiye, ba sannu. A rana ta uku na fito na same ta a kan kujera ƙarƙashin rumfa, da babban almakashinta na yankan yadi, wanda ko takarda ba ta yarda a yanka da shi, tana datse gungun 'ya'yan tana jefawa a buhu.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ka ce tsuntsu yana kai wa maƙwabta. Riƙe min buhun, Malam mai inabi."

Na riƙe.

"Kuma kai za ka gaya wa Auta. Da bakinka."

Ranar da ta bugo Tela ta miƙo min wayar ta tsaya a kaina. Na faɗa. Sai na ji Auta tana dariya har da tari.

"Baba! Ban ce maka hannunka bulo ya sani ba?" Ta numfasa. "Ba ni Umma. Umma, ke kuma da kika ce min da zaƙi sosai?"

Tela ta ce, "Ke, rufe min baki. Zama da ubanki ne."

Kafin Auta ta kashe ta ce mu ceci lemon kakarta, inabi ana sayarwa ko'ina.

Wannan karon yadda tsohon ya faɗa haka na yi. Na yanke kowane kara a idon sawu da kafaɗa. Na bar na sama yana rataye, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayin ja. Tela ta shanya guntayen a kan kwanon banɗaki. Sannan na ajiye diga na ɗauki cokalin gini, na riƙa bin saiwa a hankali kamar mai tonon bututun ruwa. 'Ya'yan nan goma sha ɗaya na fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kowane da ɗan rogonsa. Babbar saiwar kuwa na bi ta, na bi ta, sai ta shige ƙarƙashin dakali.

Na je na ɗauko tsohon a bayan babur. Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya dubi tsagar da na cike sau biyu.

"Uwar tana nan ƙasa. Ta sami inuwa da sanyi, ta yi ɗaki. Ita ce take ɗaga maka gini."

"In na bar ta ina yanke tsiron fa?"

"Duk sati, shekara da shekaru, kuma ranar da ka yi tafiya ta tashi. Kai za ka iya jira. Wancan ba zai iya ba." Ya nuna lemon da haɓa.

Tela tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "A bar dakalin. A nemi wata hanya."

Na ce, "Dakali ne fa kawai. Siminti da yashi."

"Baban Auta, shekara ashirin da biyu kana sa babban yatsanka a dunduniyar nan kana shan shayi. Ka ɗauka ba na gani?"

Ban san tana gani ba. Ni kaina ban san kullum nake yi ba.

Na ce zan yanko sawun da injin yankan tayil in ajiye shi gefe, in an gama in mayar. Na yi irin wannan aikin ya fi a ƙirga. Na ja layi da alli, taƙi ɗaya ta kowane gefe, na jiƙa wajen, na yanka a hankali yadda ban taɓa yi wa wani mai gida ba. Gefe uku suka tafi lafiya. Abin da ban sani ba, daidai ƙarƙashin kusurwar nan saiwar ta fi kumbura, ta ture cikon ƙasa, ta bar shafen siminti yana zaune a kanta kamar ɓawon ƙwai. Ina zura cokali in ɗaga, na ji ƙas. Tsagar ta bi ta tsakiyar tafin, ta rabu ta bi yatsun. Na sa hannu biyu in tare, ya marmashe a hannuna.

Na zauna a ƙasa na ɗan jima. Sannan na ɗauki guduma na fasa sauran.

Saiwar da muka fitar ta kai cinyata kauri, mu biyu muka ɗaga ta. Ta yi wata guda a kan kwano kafin ta bushe ta ci wuta. Duk ranar hutu ina zagaya tsakar gida da cokali, in na ga ɗan tsiro mai gashi a bayan ganye in bi shi har ƙasa. Sau huɗu na samu a daminar farko, sau ɗaya a ta biyu, tun daga nan shiru. Busasshen yaɗon ya zubo da kansa kaɗan-kaɗan. Lemon Inna ya yi wata biyar kamar ba zai yi ba, sannan ya fitar da jajayen toho a wajen da na karya masa reshe. Bana ya yi fure, Tela ta kira ni in zo in shaƙa, na ce ni ba ƙudan zuma ba ne, amma na je.

Tsohon ya ba mu inabi na gaske. Tela ta dasa shi can nesa, a bayan ɗakin ɗinki, ta ce in na kusance shi da ko kofin ruwa ne sai ta ɗinke min aljihuna duka.

Na sake gina dakalin, ya fi na da kyau, sumul, ko ƙwallo ka ajiye ba zai gangara ba. A cikin ɓaraguzan Tela ta tsinto guda uku, rabin dunduniya da yatsu biyu, ta sa a gwangwanin maɓallanta. Na gwada haɗa su a kan tebur, ba su haɗu ba, abin da ke tsakaninsu ya zama gari. Har yanzu a kusurwar nan nake zama da safe. In na ɗauki kofi da hannun dama, babban yatsan hagu sai ya tafi wajen da kansa, ya shafa, ya sake shafawa, ba ramin da zai shiga.